Amsoshin Tambayoyinku: Yaya jikin makaho yake gane gari ya waye?

Masu sauraro, wasiƙarmu ta farko daga nan Tawa ta fito. Wata baiwar Allah ce ta rubuto tana cewa: "Mahaifina ya daɗe da makancewa, amma barcinsa bai rikice ba. Kafin ladan ya kira asuba ya farka, da an sallame isha'i kuma sai hamma. Ta ina jikinsa yake gane dare da rana?"

Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan tambaya ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ido ba gani kaɗai yake yi ba, har lokaci yake faɗa wa jiki. A tantanin da ke can bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da muke gani da su. Sai kuma iri na uku, 'yan kaɗan, masu ɗauke da wani sinadari da ake kira melanofsin. Wani masanin kimiyya mai suna Ignacio Provencio ne ya gano shi a 1998, a fatar kwaɗo ma kuwa. A 2002 David Berson na Jami'ar Brown a Amurka ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna jin haske da kansu, ko an raba su da masu gani.

Ba ruwansu da siffa ko fuskar mutum. Abin da suke aunawa shi ne yawan haske, su aika saƙo ga wani ɗan curi a ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyi kusan 20,000, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna. Shi ne agogon jiki. Duhu ya yi, ya ba da izini a saki melatonin, sinadarin da ke shirya mutum barci. Gari ya waye, ya tsayar. Agogon nan a yawancin mutane yana ɗan wuce awa 24, shi ya sa kullum safiya sai haske ya saita shi.

To, akwai makantar da ke lalata ƙwayoyin gani ta bar masu melanofsin ɗin lafiya lau, kuma mai yiwuwa irin ta Baba ke nan, ga kuma salla da abinci a kan lokaci suna taimakawa. Wanda idon ya mutu gaba ɗaya kuwa, sau da yawa lokacin barcinsa yakan riƙa ƙara jinkiri kowace rana, har a wayi gari yana gyangyaɗi da azahar. Don Allah, Malama, da hantsi ki shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure, kada a bar shi kwance a ɗaki mai duhu wai ai ba ya gani.

Wani matashi daga Yamai kuma ya ce in ya kwanta da salula sai biyun dare ta same shi ido biyu. Ɗan'uwa, ƙwayoyin nan masu melanofsin sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi, kuma fuskar salula tana fitar da shi. Ka rage haskenta bayan isha'i, ka ajiye ta nesa da matashin kai, da safe kuma ka fito waje ka sha shayinka.