Amsoshin Tambayoyinku: Idan Ma'ajiyar Fayiloli Ta Yi Shiru

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun da za mu duba yau duk a kan NFS suke, wato tsarin da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, wanda ke ba kwamfutoci da yawa damar buɗe fayilolin da ke ajiye a babbar kwamfuta guda, wadda ma'aikata ke kira saba.

Ta farko daga Zariya take, daga wani mai kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta. Ya ce duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfutocin ɗalibai su sandare, ko ls, umarnin jera fayiloli, ya buga ba ta motsi, in ya duba dmesg, wato saƙonnin da tsarin kwamfutar ke rubutawa, kuma sai ya ga “server not responding, still trying”, wato saba ba ta amsawa, ana ci gaba da gwadawa. Yana tambaya ko fayilolin ne suka lalace.

To Malam, kwantar da hankalinka, fayilolinka na nan. Kwamfutar jira take yi, kuma da gangan aka gina ta haka. Haɗin NFS iri biyu ne, hard da soft, kuma in ba ka zaɓa ba, hard Linux ke ba ka. A kan TCP, hanyar aika saƙo da aka saba amfani da ita, kwamfutar kan jira daƙiƙa 60 kafin ta sake aika buƙata, shi ne timeo=600 da kake gani a saitin haɗin, domin kowane 10 daƙiƙa ɗaya ne. In ta maimaita bai amsa ba, sai ta rubuta wancan saƙon ta ci gaba da ƙwanƙwasawa, ko da za a kwana. Na san wani zai ce maka ka koma soft ka huta. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba a wurin da ɗalibai ke ajiye aikinsu, domin soft in ta gaji sai ta haƙura ta yar da rubutun, ɗalibi ya tashi yana zaton aikinsa ya shiga, alhali rabi ne ya isa.

Abin da nake zargi shi ne, kwamfutocin ɗalibai suna riga sabar tashi. Ko ta tashi ma, NFS na 4, wato fitowa ta huɗu, yana da wani ɗan wa'adi, daƙiƙa 90 a Linux, da saba ke ƙin buɗe wa kowa sabon fayil har sai waɗanda suka riƙe fayiloli kafin wuta ta tafi sun dawo sun karɓi abinsu. Mai gaggawa a nan ne yake danna maɓallin kashewa, ya ƙara dagula lamarin. Saboda haka ka fara kunna suwic, na'urar da ke haɗa wayoyin kwamfutocin, sai saba, ka ba ta minti biyu, sannan ɗalibai. In makarantar za ta iya sayen UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, guda ɗaya tak, sabar da suwic za a ɗora a kai, ba kwamfutar ofishin shugaba ba.

In ka yi haka shirun bai yanke ba, ka buga ping zuwa sabar don ka ga ko tana amsawa. Ta amsa? Sai ka buga rpcinfo -p da adireshin sabar, ka ga lambobin ƙofofin da take saurare. NFS na 3, wanda ya fito a 1995, yana buƙatar ƙofa ta 111 da ta 2049 da kuma ta mountd, manhajar da ke karɓar buƙatar haɗi, ita kuwa ta mountd a wasu na'urorin takan canja lamba duk lokacin da aka sake kunnawa. Ka ga katangar tsaro da ta bari aka wuce jiya, yau sai ta tare. NFS na 4 ƙofa ɗaya yake bi, 2049. Ka koma kansa.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi, daga wata baiwar Allah. Ta ce haɗi ya yi, tana ganin fayilolin da idonta, amma da ta zo ajiyewa sai a ce “Permission denied”, wato an hana izini, har da sudo, umarnin da ke ba mutum ikon root, babban mai iko a kwamfuta.

Hajiya, a tsarinsa na yau da kullum NFS kamar mai gadi ne da ba ya karanta suna, lambar kati kawai yake dubawa. A Ubuntu da Debian, mutum na farko da aka buɗe wa asusu lambarsa 1000. In ke 1000 ce a kwamfutarki, fayilolin kuma na mai lamba 1003 ne a saba, to ko sunanku ɗaya ba za a buɗe miki ba. Ki buga id a wajenki, ki buga ls -ln a kan jakar, ki gwada lambobin. Sudo kuwa ba ya amfani a nan, domin saitin root_squash na saba yana mayar da root ɗinki zuwa nobody, mai lamba 65534, wanda ba shi da ikon komai. Don Allah kada a rufe matsalar da chmod 777, mai buɗe wa kowa fayil, ko no_root_squash. A daidaita lambobin.

Ki kuma sa mai kula da sabar ya leƙa /etc/exports, fayil ɗin da ke faɗin wanda aka ba izinin shiga. In aka bar fili tsakanin adireshin kwamfutocinku da bakar da rw, wato izinin karatu da rubutu, ke ciki, ku karatu kawai za ku samu, sauran duniya kuma su samu izinin rubutu. Fili ɗaya ne fa! Ya gyara, ya buga exportfs -ra, ya tabbatar da exportfs -v. Sannan in asusunki na cikin rukunin masu amfani sama da 16, na 17 ba ya isa saba sai an kunna manage-gids a can.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Kumasi. Mai wasiƙar ya ce ƙananan fayiloli na buɗewa lafiya lau, amma babba in ya fara kwafewa sai ya tsaya cik.

Ɗan'uwa, ka fara da MTU, wato iyakar girman saƙo ɗaya da ke bi ta waya. Sau da yawa an saita saba da kwamfutarka a 9000, suwic kuma na kan 1500, ƙananan saƙonni su wuce, manya su maƙale a hanya. Ka buga ping -M do -s 8972 zuwa sabar. In bai wuce ba alhali ping na yau da kullum ya wuce, ka mayar da kowa 1500, ka sake kwafe fayil ɗin.