Amsoshin Tambayoyinku: Ƙanƙara Tana Warkar da Jijiyar da Ta Danne?

Mai gabatarwa: Jama'a lokaci na hararar mu. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce in ya kwana a kan hannunsa sai ya tashi ya ji shi dindiris. Malam, in hannun ya sake cikin 'yan mintoci ba komai, sauya kwanciya kawai.

Sai tambayar da ta fi yawa a saƙonninku. Wata baiwar Allah mai ɗinki daga Funtuwa ta ce babban yatsanta da biyun da ke kusa da shi suna mutuwa, musamman da dare. An ce mata jijiya ce ta danne a wuyan hannu, shi ne take ɗora ƙanƙara har barci ya ɗauke ta. Haba Hajiya, har barci! Likita, bismillah.

Likita: To, sanyi yana da amfaninsa. Yana rage kumburi, yana kuma rage saurin saƙon da jijiya ke kaiwa, shi ya sa zafin ke lafawa. Amma abin da ya danne jijiyar yana nan. Kuma ka san jijiya ba ta gaggawa, in ta lalace, wajen milimita 1 take tohowa a rana. Ai ko likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda ya yayata sa ƙanƙara a rauni a 1978, a 2014 ya dawo ya ce tana iya jinkirta warkewa, ko da yake shi kan raunin 'yan wasa yake magana...

Mai gabatarwa: Likita, mu dawo kan Hajiya. Ta sa ko ta bari?

Likita: Ta sa, amma a naɗe cikin tawul, minti 10 zuwa 15, ta cire. Abin da zai fi taimakonta shi ne abin ɗaure wuyan hannu mai hana shi lanƙwashewa da dare, da hutawa tsakanin ɗinki. Sannan a kiyayi gefen gwiwa ta waje da gwiwar hannu. Jijiyoyin wurin dab da fata suke, ƙanƙarar ita kanta tana iya kashe su na ɗan lokaci, har mutum ya riƙa jan ƙafa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. A naɗe, minti 15 iyaka, ban da barci. Masu ciwon suga da ba sa jin ƙafafunsu sosai, kada ku sa ƙanƙara. Masu sikila kuwa, don Allah kada ku kusance ta, sanyi na tayar da ciwon. Ni abin da ke damuna shi ne wanda zai yi watanni yana lallashin hannu da ƙanƙara, har tsokar gindin babban yatsa ta zube, kofi na suɓuce masa. Hajiya, kafin a kai nan ki je asibiti a duba ki.

Mai tambaya daga Kumasi kan ruwan zafi, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.