Ƙwallon Ƙafa Ko Guje-Guje: Yadda Kalanda Ke Yi Wa 'Yan Matan Sakandaren Amurka Zaɓi

Masu kallo, a yawancin makarantun sakandare na Amurka babban filin wasa guda ɗaya ne: ciyawa a tsakiya, sannan hanyar gudu mai tsawon mita 400 ta kewaye ta. A kan wannan fili ake buga ƙwallon ƙafar Amurka ta maza, a kansa ake buga ƙwallon ƙafar da muka sani, a gefensa kuma ake guje-guje da tsalle-tsalle. Tunda ba zai ɗauke su duka a lokaci guda ba, dole a raba shekara, kuma wannan rabo ne yake tantance wasan da yarinya za ta iya yi da wanda za ta haƙura da shi.

Ana raba shekarar karatu zuwa zango uku na wasanni. Na farko yana kamawa daga Agusta zuwa Nuwamba, na biyu shi ne na hunturu, na uku kuwa daga Maris zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Akwai ƙungiyar ƙasa mai suna NFHS da ke birnin Indianapolis, wadda take rubuta dokokin wasa, amma ba ita take tsara kalanda ba. Kowace jiha tana da hukumarta, kuma ita take cewa ga zangon da za a yi wasa kaza.

Guje-guje da tsalle-tsalle na fili ba su da gardama, domin kusan ko'ina a zango na uku ake yin su. Ƙwallon ƙafar 'yan mata ce ta rarrabu. A New York da Ohio da New Jersey ana buga ta a zangon farko. A Florida da galibin Kalifoniya, inda sanyi ba ya hana fita, ana buga ta da hunturu. A Illinois da Michigan da Colorado da Georgia kuwa, sai zango na uku, wato daidai lokacin guje-guje. Dalilan da ake bayarwa ba ɓoyayyu ba ne: dusar ƙanƙara a jihohin arewa, ƙarancin filaye a lokacin da ƙwallon ƙafar Amurka ta mamaye su, da ƙarancin alƙalan wasa da kociyoyi, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ne yake horar da maza a wani zango, ya horar da mata a wani.

Ku ɗauki yarinya mai saurin ƙafa da take buga gefe a ƙungiyar makarantarta. Idan a Ohio take, za ta gama ƙwallo a Nuwamba, ta huta, sannan ta shiga tseren mita 400 a Maris ba tare da ta saɓa wa kowa ba. Idan a Illinois take, kociyoyi biyu ne za su nemi ta zo atisaye da ƙarfe uku a rana ɗaya. Wasu makarantu suna yarda ta haɗa biyun, da sharaɗin ta faɗi tun farko wanda zai yi rinjaye idan ranar gasa ta zo ɗaya, wasu kuma ba su yarda sam. Wadda ta haɗa takan buga wasa ranar Alhamis da dare, ta tashi Asabar da sassafe ta hau motar makaranta zuwa gasar gudu, takalman ƙwallo da na gudu masu ƙusoshi suna cikin jaka ɗaya. A Texas abin ya zo tsaka-tsaki, domin ƙwallo tana farawa a Janairu ta ƙare a Afrilu, gasar guje-guje ta jiha kuma sai Mayu a birnin Austin, don haka ƙarshen ɗaya yana shiga cikin tsakiyar ɗaya.

Gajiyar ba ƙarama ba ce, ko da yake dokokin makaranta sun ɗan sassauta. Wasan ƙwallo rabi biyu ne na minti 40, ba 45 ba, kuma wadda aka canza tana iya komawa fili. A guje-guje, doka ta taƙaita 'yar wasa ga fannoni huɗu a gasa ɗaya, har da gudun miƙa sanda. Yawancin jihohi suna tseren mita 1,600 da 3,200 maimakon 1,500 da 3,000 da aka sani a gasannin duniya, suna kuma tsallake shinge na mita 300 maimakon 400. Duk da haka likitocin wasanni sun daɗe da lura cewa yagewar jijiyar gwiwa ta fi addabar 'yan mata masu ƙwallo fiye da takwarorinsu maza, kuma ƙafar da ba ta huta ba ta fi shiga haɗari.

Abin da ya sa batun ya yi nauyi shi ne yawan waɗanda ya shafa. A shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972, 'yan mata kimanin 294,000 ne kawai suke wasanni a sakandaren Amurka, kuma masu ƙwallon ƙafa a cikinsu ba su wuce kimanin 700 ba. A watan Yunin 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu kan dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta bambancin jinsi a duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Yau adadin 'yan mata masu wasanni a sakandare ya haura miliyan 3. Masu guje-guje da tsalle-tsalle sun kai wajen 500,000, masu ƙwallon ƙafa kuma sun doshi 400,000. Daga wannan rijiya aka ɗebo tawagar Amurka da ta ci Kofin Duniya na mata a 1991 da 1999 da 2015 da 2019, kuma 'yar tsere Sydney McLaughlin tana ɗalibar sakandare a New Jersey ta sami gurbin gasar Olympics ta 2016 tana da shekara 16.

Kalandar kanta ta taɓa zuwa gaban alƙali. A 1998 wasu iyaye a Michigan suka kai ƙarar hukumar wasannin jihar, suna cewa ana ajiye wasannin 'yan mata a zangon da bai dace ba domin a bar wa maza mai kyau. Kotu ta ba su gaskiya a 2001, hukumar ta yi ta ɗaukaka ƙara, har Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronta a 2007. Daga nan ƙwallon kwando ta 'yan mata ta koma hunturu, ƙwallon raga ta koma zangon farko. Hujjar iyayen tana da ƙarfi, domin kociyoyin jami'o'i suna farautar 'yan wasa ne bisa kalandarsu, kuma yarinyar da take wasa a lokacin da ba a kallo tana iya rasa tallafin karatu.

Sai dai a ƙwallon ƙafa, wannan farauta ta fi karkata yanzu zuwa kulob-kulob masu zaman kansu, irin waɗanda suke gasar ECNL da aka kafa a 2009, inda iyaye suke biyan dubban daloli a shekara. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ma ta buɗe nata shirin horar da 'yan mata a 2017, ta hana 'yan wasanta buga wa makarantunsu, kafin ta rufe shirin a 2020. Guje-guje ba su da wannan shinge, domin lokacin da agogo ya nuna a gasar makaranta shi ne shaidar da kocin jami'a yake dubawa, ko daga wane ƙauye aka gudu. Shi ya sa a jihohin da wasannin biyu suka ci karo, iyalin da ba su da kuɗin kulob sukan ga cewa hanyar gudu ta fi kusa da jami'a, ko da zuciyar 'yarsu tana wajen ƙwallo.