Mu da 'Ya'yanmu da Karnukan Maƙwabta: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu a Mancesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga sakatare da ya ba ni wannan dama, ko da yake da na gaya masa abin da zan yi magana a kai sai da ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, kare? A taron ƙungiya?" Na ce masa ƙwarai, kare.

Bara da lokacin zafi na ɗauki jikata, 'yar shekara huɗu, muka je filin shaƙatawa da ke bayan layinmu. Na shimfiɗa tabarma, ita kuma tana ta tsintar furanni a ciyawa. Sai ga wani jan kare ya taho a guje, babu igiya a wuyansa. Ban san lokacin da na miƙe na kurma ihu ba, ina salati ina ce mata ta gudo. Ta kwasa da gudu, kare ya ga abin wasa ya samu, ya rufa mata baya. Ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan siminti, gwiwa ta fashe. Karen ya iso ya sunsuna ta, ya juya abinsa. Can sai ga mai shi yana tafe a hankali kamar wanda ba abin da ya dame shi, yana murmushi, wai in kwantar da hankalina, karensa ba ya cizo, wasa kawai yake so.

Abin da na gaya wa mutumin nan ba zan maimaita shi a gaban malamai ba. Har yau kuma ina nan a kan bakata cewa ya yi laifi: wanda ba zai iya kiran karensa ya dawo ba, bai kamata ya kwance shi kusa da yara ba. Amma da dare, da na gama ba uwar yarinyar labari, sai ta ce da ni, "Mama, ai ihunki ne ya sa ta gudu." Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Wata biyu yarinyar nan ba ta yarda ta sake taka filin ba. Karen bai taɓa ta da haƙori ba, ni ce na dasa mata tsoron.

Tsoron namu kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Yawancinmu a inda muka tashi, kare na gadi ne ko na farauta, ko kuma na kan bola wanda ba shi da ubangida. Kuma akwai ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Don haka iyayenmu da suka hore mu da nisantar kare ba wauta suka yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai ƙasar nan ta Birtaniya ta rabu da wannan ciwo a jikin karnukanta tun 1922. Abin da ya rage shi ne cizo da bangaza da ƙazanta, kuma waɗannan gudu da ihu ba sa maganinsu, ƙara su suke yi.

Abin da na ga muna yi shi ne mu bar musu filin. Sau nawa na ji 'yar'uwa ta ce ita ba ta kai yara waje saboda karnuka? Sai yara su wuni a ɗaki a kan waya, a garin da rana ma sai ta ga dama take leƙowa. Filayen nan ba na masu karnuka ba ne su kaɗai. Philips Park tun 1846 aka buɗe shi domin ma'aikatan masaƙu da iyalansu su sami inda za su shaƙi iska, Alexandra Park a 1870, Platt Fields inda muke zuwa sallar Idi a 1910. Harajin kansul, wato ƙaramar hukuma, da ake karɓa a hannunmu wata-wata, har da shi ake yanke ciyawar nan ake gyara lilon. Da mu da su duk masu fili ne.

To me doka ta ce? Na zauna na karanta, don ranar da abin ya faru ban san ko ina da bakin magana ba.

A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, laifi ne mutum ya bar karensa ya fita daga ikonsa har ya zama barazana, a ko'ina ne, kuma ba sai ya yi cizo ba. In ya sa mutum ya ji tsoro mai dalili cewa zai ji masa rauni, ya isa. Ku lura da "mai dalili". Ganin kare yana wucewa da ubangidansa ba dalili ba ne, amma kare ya taso wa yaro yana gurnani mai shi ya kasa tsayar da shi, wannan dalili ne. In ya ji wa mutum rauni, hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 5, in an rasa rai shekara 14. Irin karen nan da ake kira XL Bully, tun 31 ga Disamba 2023 dole ne a fito da shi da igiya da takunkumi a baki, kuma daga 1 ga Fabrairu 2024 mallakarsa ba tare da takardar izini ba laifi ne a Ingila da Wales. Duk kare kuma dole ne ya kasance da abin wuya mai sunan mai shi da adireshinsa in yana bainar jama'a.

Wadda ta fi shafarmu kullum ita ce dokar 2014 da ta ba kansul ikon kafa ƙa'idoji a wuraren jama'a: inda dole a riƙe kare da igiya, inda ba a shiga da shi sam, da wajabcin kwashe kashinsa. Wurin lilon yara da aka kewaye da shinge galibi yana cikin inda aka hana. Wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar fam 100 nan take, in an je kotu ta kai fam 1,000. Ku riƙa karanta allon da ke bakin ƙofa. Amma a buɗaɗɗen fili, in allo bai hana ba, mai kare yana da 'yancin kwance shi muddin yana jin kiransa. Wannan sai mu haƙura da shi. In kuna da ƙananan yara kuna son kwanciyar hankali, ku shige cikin shingen, ku kuma rufe ƙofa in kun shiga, don sau da yawa mu ne ke barin ta a buɗe.

In za ku yi wa mai kare magana, ku yi tun karen yana nesa, da murya a kwance: don Allah ka riƙe shi, yarona yana jin tsoro. Na gwada wannan ya fi sau goma tun daga bara, mutum ɗaya ne kawai ya yi mini tsaki. Wanda ya ƙi, kada ku tsaya cacar baki da shi a gaban yara. Ku lura da kamannin karen da lokaci, ku sanar da kansul, ko ku kira 'yan sanda a 101. In ana cikin haɗari, 999.

Yanzu yaran. Abin da na koya wa jikata, bayan na fara koya wa kaina, shi ne in kare ya nufo ki ki tsaya cak kamar icce. Ki naɗe hannuwa a ƙirji, ki kau da ido, ki yi shiru. Kare abin da ke motsi yake bi, in ya ga ba ki da daɗin wasa zai wuce. In ya kayar da ke, ki dunƙule ki rufe fuska da wuya da hannu. In akwai abinci ko ƙwallo a hannunki, ki jefar da shi gefe. Muka mayar da abin wasa a falo, ƙanin uwarta yana rarrafe yana haushi, ita tana tsayuwar icce tana ƙyalƙyala dariya. Ƙaramin yaro fuskarsa daidai take da bakin kare, shi ya sa cizon yara ya fi yawa a kai da fuska, kuma shi ya sa ba na wasa da wannan darasi.

Akwai kuma yaran da matsalarsu ba tsoro ba ce. Waɗanda aka haifa a nan, wasunsu da sun ga kare sai su ruga su rungume shi. Su ma a hana su. Ba a taɓa kare sai an tambayi mai shi, ba a taɓa wanda ke cin abinci ko barci ko wanda aka ɗaure a ƙofar kanti. Kaɗa wutsiya ba kullum ne alamar murna ba. In kare ya sandare, ya kwantar da kunne, yana lasar leɓe ko yana hamma ba dalili, so yake a ba shi wuri. In kun ga rawayan ƙyalle a igiyarsa, alama ce da masu karnuka ke sawa cewa kada a matso. Kuma binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa yawancin yaran da ake ciza, a cikin gida ne, karen da suka sani ne ya cije su. Don haka in ɗanki zai je gidan abokinsa na makaranta, tambayi ko suna da kare, ba abin kunya ba ne.

In an yi cizo har fata ta fashe, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kira 111, layin neman shawarar lafiya, ko a wuce asibiti. Kada a ce ƙarami ne a shafa man zafi a kwanta.

Bari in taɓa namu laifin, don ba zan tsaya a nan in wanke mu tas ba. Mukan je fili da tsire da soyayyar kaza da dambun nama, ƙamshi ya cika wuri, sannan mu yi mamakin ganin karnukan unguwa sun kawo mana gaisuwa. In mun tashi kuma, wani lokaci mu bar ƙasusuwa da tsinken tsire a ciyawa. Dafaffen ƙashin kaza da tsinke suna iya huda hanjin kare. Albasa guba ce gare shi, haka inabi da cakulan. Wata dattijuwa ta taɓa tare ni, cikin ladabi, ta nuna mini abin da wasu suka bari bayan wani biki, ta ce karenta ya kwana a asibitin dabbobi saboda irin wannan. Ban san ko namu ne suka bari ba, amma na san tsinken tsire in na gan shi. Kunya ta kama ni. In muna son su kwashe kashin karnukansu, mu ma mu kwashe namu tarkacen. Kashin kare kuwa ba ƙyama kaɗai ba ne, yana iya ɗauke da ƙwan wata tsutsa da ke daɗewa a cikin ƙasa, in ta shiga cikin yaro tana iya taɓa masa ido. Mu da muke ci da hannu, a wanke wa yara hannu kafin a zauna kan tabarma.

Maganar tsarki na san tana ran mutane da yawa. Ni ba malama ba ce, malamai na zaune, su gyara mini in na kauce. Abin da aka karantar da mu a mazhabar Malikiyya shi ne duk mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bin umarni ne. Sauran mazhabobi suna da nasu ra'ayi, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Abin da nake roƙo kawai, in kare ya goge ki da hanci, kada ki yi kururuwa kamar wuta ta kama zanenki yara suna kallo. Ruwa bai ƙare a garin nan ba, kullum ma zuba yake.

Iyayenmu maza masu tuƙa tasi, ku yi haƙuri in ratsa ta kanku. Karen da ke yi wa makaho jagora, dokar daidaito ta 2010 ta hana direba ƙin ɗaukarsa ko ƙara kuɗi saboda shi. Tarar na iya kaiwa fam 1,000, kuma lasisi na iya tafiya. In kana da larurar rashin lafiya, takardar da za ta ɗauke maka wannan wajibi ake nema daga kansul tun kafin ranar ta zo. Yara ma a gaya musu irin wannan kare yana bakin aiki ne, ba a kiransa ba a shafa shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mun kusa shiga hutun makaranta, da yawanmu za mu kai yara Kano ko Zariya ko Damagaram ko Kumasi. Yaron da ya saba da karnukan nan masu allura da likita, zai ga ɗan kwikwiyo a lungun gidan kakarsa ya miƙa hannu. Can tsohon horon iyayenmu yana nan daram: ba a taɓawa. In kuma an yi cizo ko yakushi, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allurar haukan kare. Ba a jira a ga ko karen zai haukace, don in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Ku je wurin likita makonni kafin tafiya ku tambayi allurar rigakafi.

Shugaba, ga roƙona. Ƙungiyar Dogs Trust tana koyar da yaran firamare yadda ake zama lafiya da karnuka, kyauta. Ina so a ba mu izini mu tuntuɓe su ko za su zo makarantarmu ta ranar Asabar. In bai yiwu ba, maƙwabciyata tana da wani tsohon kare da ko haushi ya daina, ta ce za ta kawo shi fili da igiya yara su gwada tsayuwar icce a gabansa. Jikata ta riga ta gwada, har ta san sunansa. Ni dai har yanzu daga nesa nake gaishe shi.

Akwai takarda a kan teburin da ke bakin ƙofa. Wanda yake so a sa ɗansa ya rubuta shekarun yaron da lambar waya kafin a fara rabon abinci, don na san halinmu in an buɗe kula.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.