Yaran da ke zaman majalisa a Cape Town, da tambayata ga Kanawa

Assalamu alaikum jama'ar Kano, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar da kuke ji. Yau 18 ga watan Yuli, kuma mu a nan Cape Town tsakiyar hunturu muke. Ku kuna damina, mu kuma sanyi da ruwa ne suka haɗe mana, shi ya sa kuka gan ni a duƙunƙune.

Yau ce ranar haihuwar Nelson Mandela, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2009 don tunawa da shi. Al'adar mutanen Afirka ta Kudu a wannan rana ita ce kowa ya ba da minti 67 ya yi wa jama'a aiki, minti ɗaya a madadin kowace shekara da Mandela ya yi yana hidimar al'umma. Amma ni waɗancan yaran ne suka fito da ni. Bari in juya kyamarar. Na nemi izinin malamarsu, ta ce in ɗauka daga nesa ban da fuska, to haka za mu yi.

Ku lura da kayan makarantarsu, launi daban-daban ne, don ba makaranta ɗaya suka fito ba. Waɗancan suna naɗe barguna, waɗannan suna jera gwangwanayen abinci cikin kwali, ga wata can riƙe da littafi tana rubuta duk abin da ya shigo. Da yawansu 'yan ƙaramar majalisar birni ce. Hukumar birnin Cape Town tana ɗibar ɗaliban sakandare daga unguwanni daban-daban ta mai da su ƙananan kansiloli. Su suke zaɓen magajin garinsu da mataimakinsa da kakakin majalisa daga cikinsu, kuma babu ruwansu da jam'iyya. Akwai irinta a Johannesburg, akwai a Harare ta Zimbabuwe, akwai a Windhoek ta Namibiya.

Ta hanyar 'yar maƙwabciyata na san da zancen. Yarinya ce mai kunya, in ta gaishe ni da ƙyar nake jin muryarta. Da ta shiga majalisar aka ce ta dubi unguwarsu ta fito da aikin da za ta jagoranta. Sai ta ce ta lura wasu 'yan ajinsu suna fashin makaranta duk wata, ba don ciwo ba, don ba su da kuɗin audugar mata. Ita ta rubuta wa masu shaguna takarda. Ita ta je gaban shugabar makaranta ta nemi ɗakin ajiya. Wani mai shago ya ce a'a, ta dawo ranta a ɓace, uwarta ta ce ba za ta je a madadinta ba, ta sake shiri ta tafi wani wajen. Da aka raba kayan ta zauna ta rubuta nawa aka samu, nawa aka bayar, me ya rage, ta karanta a gaban 'yan uwanta, su kuma suka yi mata tambayoyi har da masu zafi. Wallahi ranar da ta zauna tana yi min bayanin yadda ake gabatar da ƙuduri da yadda ake mara masa baya, sai da na yi shiru ina kallonta. Audugar za ta ƙare cikin 'yan watanni, amma yarinyar nan ta riga ta san ƙofar da ake bugawa, da yadda ake tsayawa a ba da lissafin dukiyar jama'a.

Akwai wani abin kuma da sai ka zauna a garin nan za ka gane nauyinsa. Dokar wariyar launin fata ta 1950 ta raba wa mutane unguwanni bisa launin jikinsu, kuma har yau tabon yana nan. Yaron Khayelitsha, unguwar talakawa baƙar fata, da yaron Constantia, unguwar masu hali, za su iya girma a gari ɗaya ba su taɓa haɗa kafaɗa ba. A wannan majalisa dole su zauna a tebur ɗaya, su yi musu, su daidaita.

Ba zan ce muku babu aibi ba. Majalisar ba ta kafa doka, kasafin birni ba a hannunta yake ba. Akwai mai shiga don takardar shaida kawai, kuma ɗan makarantar masu hali ya fi samun sauƙin tara kaya, tunda iyayen abokansa su ne masu shagunan. Duk da haka abin ya tsaya min a rai, saboda Kano.

Kwanan baya ƙanena ya turo min bidiyo daga unguwarmu a Gwale, ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Samari ne cikin kwata har gwiwa, da shebur da manjagara da baro, suna fito da leda da robobin ruwa kafin ruwan sama ya shiga gidajen mutane. Allah ya yi musu albarka. Na kira shi na ce, wa ya ce a fara da wannan layin? Ya ce manya. Wa ya riƙe kuɗin da aka tara? Manya. Wa zai je ya yi magana da kansila a kan motar kwasar shara? Ya yi dariya ya ce, Yaya, mu a su wa?

Wannan “mu a su wa” ita ce damuwata. Hidima ba baƙuwarmu ba ce. Da aikin gayya muka tashi. Ku dubi 'yan agaji a filin Idi, ku dubi samarin da ke haƙa kabari ba a biya su ba, da masu kwana sintiri, da masu rabon kunu da ƙosai a asibitoci da azumi. Ƙarfin yaranmu muna mora ƙwarai. Shawararsu ce ba ma nema. Kuma ba haka kakanninmu suka yi ba, don a da akwai sarkin samari, shi ke tara tsaransa, ya tsara gayya, ya tsawatar, manya su saurare shi.

A 2018 aka sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takara, ɗan shekara 25 yanzu zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Madalla. To a ina zai koyi aikin? In yaro bai taɓa jagorantar taron mutum goma ba, bai taɓa riƙe naira dubu biyar ta jama'a ya ba da bayaninta ba, makarantar siyasar da ta rage masa ita ce bin motar ɗan takara da liƙa fasta, daga nan kuma kun san inda jagaliya take kai yaro. Muna da Majalisar Yara a Najeriya, ina kuma girmama masu ɗawainiya da ita, amma yawancinmu sai ranar yara ta 27 ga Mayu muke jin ɗuriyarta, a karanta jawabi a tafa a watse. Ni abin da nake so shi ne na unguwa, wanda aikinsa zai fito a ƙofar gida.

Na san wani dattijo zai ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Gaskiya ne Baba, shi ya sa za a ba shi ƙaramin aiki, kuna kusa kuna kallo. Kuma mun karanta a Islamiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora Usama ɗan Zaidu a kan runduna bai kai shekara 20 ba, alhali akwai manyan sahabbai a cikinta.

Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas a cikin birni da kewaye. Ba sai an jira dukansu ba. A ce Dala ko Fagge ko Gwale, guda ɗaya ta fara. A ɗauko ɗalibai daga makarantu irin su Kwalejin Rumfa da Shekara da ta 'yan mata ta Dala, a haɗa da na makarantun kuɗi da na Islamiyya. Ni har almajiran tsangaya nake so a ba kujera, don babu wanda ya san lungunan birni da yunwar cikinsa kamar su. A zauna da rana, ranar Asabar, da malamai mata a wurin, yadda iyaye za su saki jiki su bar 'ya'yansu mata su zo. Mai unguwa ya zama uba, kansila ya buɗe musu ƙofa. Su zaɓi aikinsu da kansu, ko famfon da ya lalace ne, ko banɗakin makaranta, ko karantar da ƙannensu 'yan firamare. A ba su ɗan kuɗi kaɗan, a ƙarshen zango su karanta lissafi a bainar jama'a.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a sa wa yaran nan hular kowa. Kun san garinmu, kun san yadda launin hula ke raba zumunci. Ranar da aka mai da su 'yan rakiyar wani, iyaye za su janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya.

Ga motar da za ta kai kayan nan ta iso, sun ce in zo in kama musu lodi. In akwai malami ko shugabar makaranta a Kano da ke kallona kuma yana son gwadawa, ya yi min magana. Zan zauna da 'yar maƙwabciyata da uwarta mu rubuta yadda suke tsara zamansu da rahotonsu, in mai da shi Hausa in turo. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.