Amsoshin Tambayoyinku: Me ya samu Wests Tigers?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau wasiƙun da muka ware duk a kan wasan zari-ruga ne, kuma yawancinsu a kan ƙungiya ɗaya, Wests Tigers ta birnin Sidni a Ostireliya, wadda ta sake ƙarewa a ƙarshen teburi a kakar nan ta 2024 da aka kammala. Ina tare da baƙonmu, wanda ya daɗe yana koyar da yara wannan wasa. Koci, sannu da zuwa.

Baƙo: Yawwa, sannunmu. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira, bari mu fara. Wani mai sauraro daga Maraɗi ya ce shi fa a saninsa zari-ruga ɗaya ne, me ya kawo maganar iri biyu? To Malam, biyu ne. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka yi taro a garin Huddersfield suka ɓalle, saboda suna so a riƙa biyan ma'aikata kuɗin ranar aikin da suka rasa don sun je wasa. Wanda aka baro mutum 15 ne kowane ɓangare, na waɗanda suka ɓalle kuwa ya koma 13 tun 1906. Na 'yan sha ukun muke magana a kai yau.

Sai wata ƙanwarmu daga Kumasi, ta ce ta ji ana cewa Tigers ta ci cokalin katako, shin kofi ne? A'a ƙanwata, kada ki je ki taya su murna. Laƙabi ne da ake yi wa wanda ya zo na ƙarshe. Sun sha shi a 2022, suka sha a 2023, suka kuma a 2024. Sau uku a jere.

To ga babbar tambayar. Wasiƙu da dama sun zo a kanta, amma zan karanta ta wani bawan Allah da ke zaune a yammacin Sidni, domin shi ya fi kowa zafi. Ya ce: "Ni na gaji. Duk mako sai an canza 'yan wasa, kuma idan aka zo kamu na ƙarshe sai a buga ƙwallo kamar an rufe ido. Laifin koci ne ko na mai lamba 7?" Sauran abin da ka rubuta, Malam, ba zai karantu a rediyo ba, a riƙa sassautawa. Mai lamba 7 dai shi ne mai tsara wasa, yawanci shi ke yin bugun nan. Koci, kafin ka amsa, yi wa wanda bai san wasan ba bayani, me ya sa ake buga ƙwallo da ƙafa a wasan da aka san shi da rungumar ƙwallo a gudu?

Baƙo: To, ka ga dokar ita ce, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama shida take da ita. In aka kama ɗan wasanku aka kayar, ɗaya ke nan. In aka yi na shida ba ku dire ƙwallo bayan layi ba, a nan inda aka kayar da ku za ku miƙa ta. Don haka bayan kamu na biyar, maimakon ka ba abokin hamayya ƙwallo a tsakiyar fili, sai ka narka ta can ƙarshen gidansu, su faro daga nesa. Da can ma babu wannan iyakar. Ƙungiya sai ta riƙe ƙwallo har 'yan kallo su yi hamma. A 1966 aka sa kamu huɗu, daga baya aka mayar shida. Kuma ka san a wancan zamanin St George ta ɗauki kofi sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966, mutane suna cewa...

Mai gabatarwa: Koci, dawo da mu kan Tigers.

Baƙo: Ina zuwa. Abin da nake so a gane, bugun nan iri-iri ne. Akwai dogo, na neman fili. Akwai wanda ake cillawa sama sosai, suna ce masa bam, don mai lamba 1, wato mai tsaron can baya na abokan hamayya, ya tsaya yana jiran ta sauko ga ƙarti sun nufo shi. Akwai mai mirginawa a ƙasa, wanda ake yi in an matso kusa da layinsu. Wannan na ƙarshen shi ne mai riba, shi ne kuma mai hatsari. In ƙwallon ta tsaya a cikin gidansu kuka danne wanda ya ɗauka a can, dole su bugo muku ita daga ƙarƙashin turaku, kun sami sabbin dama shida ke nan. In kuwa ƙafa ta yi nauyi ta wuce layin baya, to su za su faro daga mita 20, kuma da dama bakwai, ba shida ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu sauraro. Ta tsaya ciki, ƙwallo ta dawo hannunku. Ta zarce, kun ba su mita 20 kyauta da ƙarin dama guda. Tazarar taku biyu ko uku ce ke raba su.

Baƙo: Shi ke nan. To ƙungiyar da ke cikin matsi, wannan takun biyun kullum a kanta yake faɗawa. Amma ni abin da nake gaya wa yarana, bugu ba a kamu na biyar yake farawa ba, tun na farko ne. In manyan gaba, masu lamba 8 da 10 da 13, suka tura abokan hamayya baya, suka tashi da wuri suka ba da ƙwallo, mai lamba 7 zai karɓe ta yana tsakiyar fili, yana da sararin ɗaga kai ya ga inda mai lamba 1 ya tsaya. In kuwa an danne su, an kai kamu na biyar suna mita 30 daga gidansu, to yana karɓa mutum biyu suna kansa. Me zai yi? Sai ya yi ta maza ya buga ko'ina. Mai lamba 1 ya cafe ta a sama ba ta ko taɓa ƙasa ba, ya dawo da ita tsakiyar fili. Su kuma su yi kamunsu biyar, su buga daga wuri mai kyau, su kulle ku a kusurwa. Ku sake farowa a gajiye. Haka za a yi ta yi, kafin minti 60 ƙafafu sun mutu, sai ka ga maki na zuba.

Mai gabatarwa: Irin ranar da Roosters ta yi musu 72 da 6 a 2022.

Baƙo: Da ranar da Cowboys ta yi musu 74 da nema a 2023. Kuma abin mamaki, 'yan makonni kafin nan Tigers ɗin ce ta ci Cowboys 66 da 18 a filin Leichhardt. Ka ga ba wai ba su iya wasa ba ne. Ranar da gaba ta yi aiki, komai sai ya zauna.

Sannan akwai bin ƙwallo. Bugu komai kyansa, in ba a bi shi a jere kamar katanga ba, banza ne. Mutum ɗaya ya yi gaba shi kaɗai, na gefensa ya tsaya numfashi, to an bar ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kallo ƙafar mai bugu suke kallo, koci kuwa mutum goma sha biyun da suka rage yake ƙirgawa.

Mai gabatarwa: To a nan zan sa baki, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru magoya bayan Tigers suna ɗora komai a kan Luke Brooks. Yaron nan ya fara musu wasa a 2013, ya buga sama da wasa 200, bai taɓa shiga zagayen ƙarshe na 'yan takwas ba. Aka yi ta cewa shi ne matsalar. To ya koma Manly a 2024, a shekararsa ta farko ya shiga zagayen ƙarshen, ita kuma Tigers ta sake zama ta ƙarshe. Ni ban ce ba ya kuskure ba. Amma mai wasiƙarmu na Sidni, ka duba wannan da idon basira. Kuma a 2023, bayan sun sha kashi sau bakwai a jere a farkon kaka, wa suka fara dokewa? Penrith mai riƙe da kofi, 12 da 8, cikin ruwan sama a Bathurst, kuma a ranar Brooks ya yi bugun arba'in-ashirin. Koci, fassara mana shi a taƙaice.

Baƙo: Ka tsaya bayan layin mita 40 na gidanku, ka buga ta faɗi cikin fili, sannan ta fita ta gefe a cikin mita 20 na gidansu. In ka dace, ƙwallo taku ce a can. In ta fita kai tsaye ba ta taɓa ƙasa ba, a inda ka buga za a ba su. Shi ya sa ba kowa ke da zuciyar gwadawa ba.

Mai gabatarwa: Saura rabin tambayar, batun canza 'yan wasa.

Baƙo: Wannan kam yana da gaskiya. Akwai gurabe huɗu da su can suke kira ƙashin bayan ƙungiya: lamba 1, da 6, da 7, da 9. Su ke taɓa ƙwallo fiye da kowa, su ke yanke shawara. Mai lamba 9 dole ya san ta wane ɓangare mai bugu yake son a miƙo masa, ya san da ƙafar dama yake bugu ko hagu, ba tare da an yi magana ba. Wannan sai an daɗe tare. To duba Tigers. A 2022 Jackson Hastings ne da Brooks a lamba 6 da 7. Hastings ya tafi Newcastle. A 2023 Adam Doueihi ya ji rauni a gwiwa, aka sa Brandon Wakeham. A 2024 aka kawo Aidan Sezer daga Leeds aka haɗa shi da Lachlan Galvin, yaro ɗan shekara 18. Masu horarwa ma haka: aka sallami Michael Maguire a tsakiyar 2022, Brett Kimmorley ya riƙe, Tim Sheens ya dawo, sannan Benji Marshall. Kowa da tsarinsa. Wani canjin rauni ne ya jawo, ba laifin kowa ba. Amma wani matsin lamba ne, a sha kashi ranar Lahadi, ranar Talata a fitar da sunaye an cire mutum biyu don a nuna an yi wani abu. Ga shi kuma yaran da suka raina sun watse: James Tedesco ya tafi Roosters, Mitchell Moses ya tafi Parramatta. Moses ɗin nan yanzu yana cikin waɗanda suka fi kowa dogon bugu a gasar.

Mai gabatarwa: Wato amsar, Malam, ba mutum ɗaya ba ne. In maimaita: gaba ta samo fili, a bi ƙwallo a jere, a bar mutum huɗun nan su saba da juna.

Wata Hajiya daga Kaduna, wadda ta ce ɗanta ne ya koya mata kallon wasan, tana tambaya ko zuwan Jarome Luai a 2025 zai gyara lamarin. Koci, minti ɗaya.

Baƙo: Luai ya ɗauki kofi huɗu a jere da Penrith, daga 2021 zuwa 2024, kuma zai tarar da tsohon abokinsa Api Koroisau a lamba 9, wannan babban abu ne. Sai dai a Penrith lamba 6 ya fi sakawa, yawancin bugu Nathan Cleary ke yi. A 2024 da Cleary ya yi ta jinya, Luai ya ja ragamar kuma ya yi ƙoƙari. Amma can yana bayan manyan gaba ne, su James Fisher-Harris da Moses Leota. Tambayata ita ce wa zai share masa hanya a Tigers. Da hagu yake bugu, don haka ina so abokin aikinsa ya ɗauki wani kaso ta dama, kada masu tsaro su san inda za su nufa kullum.

Mai gabatarwa: Hajiya kin ji, a gaida yaron. Wani daga Garwa ya ce in ƙungiya ta zo ta ƙarshe ba a mayar da ita ƙaramin rukuni? A gasar NRL, wato babbar gasar Ostireliya da Tigers ke ciki, babu faɗuwa, ƙungiya 17 ɗin nan suna nan. Wani kuma daga Zariya ya ce ta taɓa cin wani abu kuwa? Ta ci, Malam. An haɗe Balmain da Western Suburbs aka kafa ta, ta fara wasa a 2000, ta ɗauki kofi a 2005 bayan ta doke Cowboys 30 da 16. Benji Marshall da ke horar da su yanzu, shi ne ya miƙa wa Pat Richards ƙwallo ta bayansa a wasan, har gobe ana nuna hoton.

Ta ƙarshe daga Jos: ana wannan wasa a Najeriya? Ana yi. Najeriya ta ɗauki kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019. Kuma Martin Offiah, wanda ya yi suna a Widnes da Wigan, iyayensa 'yan Najeriya ne.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Koci, mun gode ƙwarai.

Baƙo: Ni ke da godiya.

Mai gabatarwa: Wasiƙu uku da suka zo kan katin da ke fitar da ɗan wasa na minti goma, mun ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubutowa, a kuma riƙa sa sunan gari. Mu kwana lafiya.