Kunna ƙwan ɗaki daga wayarka da ESP8266

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku kalli ƙwan can na saman silin, ina zaune ban tashi ba, na taɓa waya, ya kama. Na sake taɓawa, ya mutu. Kun ji wani ɗan ƙas da ya yi? Ku riƙe wannan ƙarar, za mu dawo kanta.

Wannan ɗan allon da bai wuce tsawon yatsa ba sunansa NodeMCU, ɗan cip ɗin da ke kansa, wato ƙwaƙwalwarsa, shi ne ESP8266, kamfanin Espressif na Shanghai a ƙasar Sin ne suka fitar da shi a 2014, kuma abin da ya sa ya yi farin jini shi ne yana da WiFi a jikinsa ga shi da araha. Akwai ƙaninsa ESP32 da ya fito a 2016, shi har da Bluetooth, amma don ƙwai ɗaya tal ba sai ka je can ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Allon nan da bolt 3.3 yake aiki, wutar gida kuwa 230 ce, in ka kuskura ka haɗa su kai tsaye wallahi sai dai ka ga hayaƙi. Shi ya sa muke saka rilee a tsakani, wannan ɗan shuɗin akwatin. A cikinsa akwai naɗin waya, da ƴar wuta ta shiga sai ya zama maganaɗisu ya fizgo wani ɗan ƙarfe ya haɗa layin, ƙas ɗin da kuka ji kenan. Allon umarni kawai yake bayarwa, rilee ke ɗaukar nauyin. A jikinsa an rubuta 10A, ƙwai da fanka lafiya lau, amma don Allah kar wani ya je ya jona masa hita.

Wayoyi uku ne tsakanin allon da rilee, sunan kowace ƙafa yana rubuce a jikinsu. VCC na rilee zuwa VIN, a wasu allunan VU za ka gani, GND zuwa GND, sai IN zuwa D1. Ka guji D3 da D8, allon yana duba su lokacin da yake tashi, za su iya hana shi tashi gaba ɗaya. Cajar waya ta bolt 5 ta ishe shi.

Ɓangaren wutar gida kuma, fara cire kataut tukuna, ko da NEPA sun ɗauke, ba su sallama in za su dawo. Wayar da ke ɗauke da wuta ita kaɗai za ka yanke, gefe ɗaya ya shiga ramin rilee mai suna COM ɗayan ya fita ta mai suna NO. In ba ka saba ba kira mai wayarin, ba abin kunya ba ne.

Ni Tasmota na saka wa allon, manhaja ce da ke sarrafa shi, kyauta ce, ba sai ka rubuta kod ba. Ka ba shi suna da fasuwod na WiFi ɗinka, zai samu lamba irin 192.168 da sauransu, ka buga ta a burauza sai maɓalli ya fito.

Abin da ya cinye min yini guda: na kunna hotspot na waya, allon ya ƙi gani ƙememe, har na fara zagin mai shagon a raina, ashe WiFi na wayar a zangon 5GHz yake, shi kuwa 2.4GHz kaɗai ya sani. Sannan yawancin rilee ɗin nan a juye suke aiki, ka ce kunna ya kashe, in ka ga haka ba lalacewa ba ce, zaɓi Relay_i a saitin Tasmota ya daidaita.

Sai maganar ɗauke wuta. Akwai saitin PowerOnState, in ka bar shi a 3 zai tuna yadda ƙwan yake kafin a ɗauke. Ni dai na ɗakin kwana 0 na saka, don ban son a kawo wuta ƙarfe 2 na dare ƙwai ya haske min ido. Bari in cire caja in mayar da ita, ku gani.